Wasiƙa daga Toronto: yadda mawaƙi ke cin abinci a Kanada

Ƙanina, gaisuwa mai yawa, da fatan su Inna da yara duk lafiya. Ka ce in ba ka labarin harkar waƙa a nan, tunda kai a situdiyo kake kwana kake tashi.

Makon jiya na shiga wani shagon gwanjo na tsinci faifan wata ƙungiya mai suna jacksoul. Dala 2 aka liƙa a jikinsa, amma wajen biya sai kuɗin ya haura, don a lardin Ontariyo harajin kashi 13 cikin ɗari ba ya cikin farashin da aka rubuta. Kuma babu tayi, babu "albarka". Har yau abin bai zauna mini ba.

Su jacksoul 'yan Toronto ne, salonsu soul da pop. Jagoransu Haydain Neale, haifaffen Hamilton, muryarsa kamar an zuba mata zuma. Faifansu na farko ya fito a 1996, amma na shekarar 2000, Sleepless, shi ya ɗaga su, har ya ci Juno, babbar kyautar waƙa ta ƙasar, a 2001. Suna cikin ganiyarsu, a Agustan 2007, mota ta buge Haydain a kan babur. Bai gama farfaɗowa ba ciwon dajin huhu ya ɗauke shi a Nuwamban 2009, yana da shekara 39.

A wajen Kanada ba kowa ya san su ba, to da me irinsu ke rayuwa? Da doka. Tun 1971 hukuma ta tilasta wa gidajen rediyo sanya waƙoƙin gida, yanzu kashi 35 cikin ɗari, don kada mawaƙan Amurka su danne kowa. Kuma ba da baki ake zama "na gida" ba. Ana duba wanda ya tsara kiɗan, wanda ya rera, inda aka ɗauka da wanda ya rubuta baitocin, sai biyu daga ciki sun zama na Kanada. Akwai kuma asusun FACTOR, tun 1982, mai tallafa wa mawaƙa wajen ɗaukar faifai.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne mai askina. Waƙar da yake kunnawa a shago sai da ya yanki lasisi, duk shekara yana biya, ƙungiyar SOCAN ta raba wa marubutan waƙa. Na tuna masu tura waƙa na bakin kasuwarmu, da ke cika wa mutum memori da 'yan canji, kai da ka yi gumin ko sisi ba ka gani.

Sai dai kada ka ɗauka aljanna ce. Babu liƙi a nan. Babu Alhajin da zai ji kirari ya miƙo makullin mota. Tikiti ake saya ta intanet, a ɗora maka kuɗin hidima, ka zauna a kujera mai lamba kamar ɗan jarrabawa. Situdiyo kuwa awa ake ƙirgawa. Abin da ya burge ni, laburaren birni na ba da aron jita kyauta ga mai kati.

Makirufon da ka ce in duba, na gan shi, amma kuɗinsa da zafi. Ka yi haƙuri sai 26 ga Disamba, ranar da shaguna ke karya farashi, in haɗa maka da faifan.