Awon ciki a wani asibitin kuɗi a Unguwar Rimi

Ƙaramin asibiti ne, can nake zuwa awo tun cikin nan yana ƙarami. Tsabta ba laifi. Layi ne matsalarsu, kafin a kira ki ƙafa ta kumbura, ga ɗakin jira fanka ɗaya ce ke juyawa.

Likitar ce ta riƙe ni. Tana cikin duba katina ta ɗago ta ce, "Hajiya, akwai mage a gidanku?" Akwai mana, saboda ɓeraye. Nan take ta rubuta min gwajin wata cuta da ake kira toxoplasmosis, ta kuma zauna ta yi min bayani ba gaggawa. Ƙwayar cutar a hanjin mage take hayayyafa, ta fito ta kashinta, kuma sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 kafin ya iya harbin mutum. Ana kuma ɗaukarta a naman da bai gasu ba, da latas ko kabejin da ba a wanke sosai ba. Mai ƙoshin lafiya yawanci ko sanin ya kamu ba ya yi. Wadda ake ji wa tsoro ita ce mai cikin da ta kamu karo na farko, don tana iya yin ɓari, ko jaririn ya zo da matsalar ido ko ruwa a kai. A watannin farko cutar ba ta cika kaiwa ga ɗan tayi ba, amma in ta kai ta fi ɓarna. Sai masu raunin garkuwar jiki, kamar mai HIV da CD4 ɗinsa (adadin ƙwayoyin garkuwa a jini) ya yi ƙasa da 100, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda. Su har ƙwaƙwalwa takan taɓa, shi ya sa ake ba su maganin Septrin don kariya.

Gwajin akwai tsada, kuma jinin ma waje suke aikawa, sai an yi haƙuri. IgG da IgM, alamomin kamuwa da ake dubawa a jini, duk suka fito babu komai, wato ban taɓa kamuwa ba, ni ce ke nan mai buƙatar kiyayewa.

Surukata ta so a rabu da magen. Likita ta ce ba sai an yi haka ba, wani dai ya riƙa kwashe kashin kullum, ni kuma kada in taɓa ƙasar shuka sai da safar hannu. Tsire kuwa sai wanda ya gasu har ciki, babu alamar ja. Mai tsiren layinmu da ya hango ni yake mayar da nawa kan wuta.

Mai niyyar zuwa ta yi sammako, kuma ta guji ranar Litinin.