Bitar koya wa masu bincike magana a rediyo: ta yi, amma da saura

Masu aikin bincike a Kano, musamman 'yan fannin noma da lafiya, in kun ji an sake buɗe rajistar bitar nan ta koyon kai sakamakon bincike gidajen rediyo da talabijin to ku daure ku je. Na halarci wadda aka yi kwanan baya a wani otal a unguwar Nasarawa kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba.

Inda suka burge ni shi ne 'yan jarida suka kawo na gaske, irin waɗanda suka goge a shirin kira kai tsaye, su zaunar da kai gaban makirfo su ce minti biyu gare ka. Ni aikina kan adana wake ne. Na soma da yadda muka tsara gwaji, sai hajiyar da ke horar da mu ta ɗaga hannu ta ce, malam, ɗan kasuwar Dawanau da ya kamo tashar yanzun nan, me zai yi da buhunsa gobe? Daga nan muka sake lale. Na ce buhun PICS hawa uku ne, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, in ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban iska ce za ta ƙare wa ƙwarin su mutu, ba sai ka zuba fiya-fiya a abincin da yaranka za su ci ba, kuma ai saboda irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Ta ce to yanzu ka yi magana. Aka sa min muryata na saurara, wallahi bambancin a fili yake.

Sun kuma daɗe kan yadda za ka amsa in mai kira ya zo da jita-jita, kar ka raina shi, kar ka yi masa dariya, ka fara sauraron abin da yake tsoro tukuna. Wannan a Kano ba ƙaramar magana ba ce, duk wanda ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 ya san abin da rashin yarda ke jawowa.

Amma fa akwai gyara. Takardun da suka raba duk da Turanci suke, sannan an ɓata lokaci mai yawa kan shafin sada zumunta na X da rubutun jarida, alhali manomin Kura ko Bunkure rediyo yake ji, sai saƙon murya na WhatsApp da ɗansa ke kunna masa, kuma ko sau ɗaya ba a koya mana haɗa irin wannan saƙon ba. Ɗakin ma ya yi mana kaɗan, wasu ba su samu zama gaban makirfo ba sam, kuma shi ne fa abin da ya kawo mu.

Na roƙe su in za su sake su raba mu rukuni-rukuni, su kuma kai mu sitidiyo na gaske. Mai zuwa ya taho da sakamako guda ɗaya tak daga bincikensa, a kansa za a yi ta juya shi har a tashi.