Ɗakin shan magani na tsohuwar majami'a a ƙasar Tangale

A daminar da ta wuce na kai mahaifiyata ɗakin shan magani na wata tsohuwar majami'a a kudancin Jihar Gombe, bayan zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, kuma tun daga lokacin nake mayar da ita awon hawan jini duk wata.

Irin wannan wuri yana da tarihi a yankin. Turawan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun iso ƙasar Tangale a 1917, suka zauna a Kaltungo, kuma kusan duk inda suka kafa majami'a sai sun haɗa da aji da wurin ba da magani. Bayan an kafa ECWA, cocin da ya samo asali daga aikin SIM, a 1954, a hankali 'yan ƙasa suka karɓi riƙon wannan aiki. Wanda muke zuwa yana bayan majami'ar, ɗakuna ne kaɗan masu tsohon kwano, da benci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya inda ake jiran layi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake karɓar mutum. Mu Musulmi ne, kuma a kan bencin nan na tarar da matan Fulani da suka sauke ƙwaryar nono, da manoma Tangale, ba wanda aka tambayi addininsa kafin a yanka masa kati. Malamin asibitin ya rusuna ya ce, "Sannu Inna, ina ne ke miki ciwo?" Bai rubuta magani ba sai da ya ɗibi jini a yatsarta ya tabbatar zazzaɓin cizon sauro ne, abin da masu kemis da yawa ba sa damuwa da shi. Ya kuma yi mata bayanin shan ƙwayoyin da Hausa, har sau biyu, domin kunnenta ya yi nauyi. Kuɗin bai kai abin da na saba biya a asibitin kuɗi a cikin Gombe ba, kuma na ga an sallami wata mata da alkawarin za ta cika bayan girbi. Matan zumunta na majami'ar ne ke share harabar, shi ya sa take fes.

Sai dai wurin yana da iyakarsa. Ma'aikata ba su da yawa, don haka ranar kasuwa ko ranar awon ciki mutum zai iya kaiwa azahar a kan layi. Da dare sai an je an taso malamin daga gida, sau ɗaya kuma maganin hawan jinin ya ƙare, dole na sayo a waje. Ba a tiyata, ba a ƙarin jini. Wanda kububuwa ta sara a gona, abin da ya yawaita a yankin lokacin noma da girbi, kada a ɓata lokaci a nan, a wuce da shi asibitin saran maciji na Kaltungo kai tsaye, kuma ma'aikatan wurin ma abin da suke faɗa ke nan.

Mai niyyar zuwa ya yi sammako, ya riƙo tsohon katinsa da kwalayen magungunan da yake sha.