Gargaɗi ga masu jiragen ruwa: a kiyayi katin taswirar jabu da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook

Jama'a, musamman 'yan'uwanmu masu jiragen kamun kifi da na jigila a Legas, Warri, Fatakwal da Bonny, da iyayen gida da suka zuba jari a harkar suna zaune a Arewa, akwai wata damfara da ke yawo a kan katin taswira na na'urar nuna hanya, wadda matuƙa suka fi kira GPS. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ba kuɗi kaɗai ake asara ba, rayukan ma'aikata da fasinja ne a kai.

Ga yadda suke yi. Mutum zai saka hoton ɗan katin memori ɗauke da tambarin ɗaya daga cikin kamfanonin taswirar teku, Navionics ko C-MAP ko Garmin, ya ce taswirar tekun duniya gaba ɗaya tana ciki, tana aiki a kowace irin na'ura, kuma za a riƙa sabunta maka ita kyauta har abada. Kuɗin da zai faɗa bai kai rabin na dila ba. In ka nuna sha'awa sai ya ce saura biyu, ka tura kafin alƙalami ya ba direban mota ya kawo maka. Wasu daga jin alat sun toshe lambarka ke nan. Wasu kuma za su aiko da katin, kuma a ganina waɗannan sun fi mugunta.

Alkawuran nan uku kowannensu ƙarya ne. Kamfanonin nan yanki-yanki suke sayar da taswirarsu, ka sayi yankin da jirginka ke aiki a ciki. Sabuntawa kuwa a Navionics ta shekara ɗaya ce take zuwa da katin, bayan nan taswirar za ta ci gaba da buɗewa amma sai ka sake biya kafin ka sami sababbin gyare-gyare. Maganar kowace na'ura ita ce ta fi kama mutane. Garmin ya sayi Navionics a 2017, don haka ɗan damfara zai ce ai duk abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Katin Navionics da aka yi wa na'urorin Lowrance, Simrad da Raymarine ba ya aiki a na'urar Garmin, ita tana da nata daban mai suna Garmin Navionics+ ko BlueChart. C-MAP kuma na gidan Navico ne, masu Lowrance, Simrad da B&G. Duk mai sayarwar da bai fara tambayarka sunan na'urarka da samfurinta ba, bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani sarai.

Taswirar gaskiya a ɗaure take da lambar da aka gina a cikin katin tun daga masana'anta, shi ya sa in ka kwafe ta zuwa wani memori ba ta buɗewa. Abin da waɗannan mutane ke yi shi ne su nemo katunan da ake iya sauya wa wannan lamba, su kwaikwayi ta kati ɗaya na ainihi, su buga ɗaruruwa daga gare shi. Sai ka sa a na'ura ya buɗe tsaf, launi ya fito, lambobin zurfi suka bayyana, hankalinka ya kwanta. Amma taswirar ta tsaya cak a ranar da aka kwafe ta, kuma ba ka da hanyar sabunta ta.

Na riƙe irin wannan katin a hannuna. Takardar da aka manna masa ta ɗan karkace, rubutun ya yi dishi-dishi, in ka goga da babban yatsa tawadar tana biyo ka. Da aka sa shi a na'ura aka matsa zuwa gabashin Legas, wurin da tashar jiragen ruwa ta Lekki take, ruwa kawai allon yake nunawa shuɗi fes, babu katangar duwatsun da ta miƙe cikin teku don kare tashar daga igiyar ruwa. Tashar nan an ƙaddamar da ita a Janairun 2023. Ku yi tunanin matuƙin da ya taso da dare ana ruwan sama, ba ya ganin gabansa, ya dogara da wannan allon.

Kuma gaɓar tekunmu ba mai zama wuri ɗaya ba ce. Inda ake kira Bar Beach a da, yau Eko Atlantic ce, ƙasa ce da aka cike da yashi. A gaban matatar Dangote akwai wuraren ɗaure manyan jiragen mai a tsakiyar ruwa. Bakin kogin Escravos da na Bonny yashi na taruwa, ana yashewa, ana matsar da alamomin hanya. Ga ɓaraguzan jiragen da suka nutse birjik a mashigar Legas da kewayenta. Saboda haka ne ofishin taswirar ruwa na Ingila ke fitar da sanarwar gyara ga matuƙa kowane mako, kuma rundunar sojan ruwan Najeriya ta karɓi jirgin awo NNS Lana a 2021 don sake auna ruwanmu. Duk wannan aikin bai isa ga mai katin kwafi ba.

Ko taswirar gaskiya ma tana buƙatar ido. A Nuwamban 2014 jirgin tsere Vestas Wind, da ƙwararrun matuƙa a ciki, ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a tekun Indiya da dare, domin a girman da aka buɗe taswirar a allo duwatsun ba su fito ba, sai an matso da ita kusa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. To ina ga wanda abin ma babu shi a katinsa ko ya matso?

Akwai wani salon kuma. Za a sayar maka da tabulet an ce an cika ta da taswira. In ka duba, manhajar OpenCPN ce, wadda kyauta ake sauke ta a intanet, an haɗa da tsofaffin fayilolin taswira na CM93 da suka shekara da shekaru suna yawo hannu zuwa hannu ba gyara. Manhajar ba ta da laifi, abin da aka zuba mata ne matsalar.

Kafin ka biya, ka ce a kawo katin bakin jirgi a sa a na'urarka kana tsaye. Ka shiga wurin bayanin taswira ka ga shekarar bugunta, ka matsa zuwa wurin da ka san an yi sabon gini ka gani ko ya fito. Sannan a yi wa katin rajista da sunanka a gabanka, na Garmin ta manhajar ActiveCaptain ko Garmin Express, na Navionics da C-MAP ta shafin kamfanin. In mai kaya ya ce kada ka haɗa katin da intanet, wai zai lalace, to ya riga ya gaya maka jabu ne. Ka karɓi rasit mai sunan shago da adireshi.

Alhazai masu jirgi da ke aika kuɗi daga nesa, don Allah kada ku matsa wa kyaftin ya nemo mai araha. Ku ce ya turo muku hoton allon da ke nuna rajistar ta shiga.

Wanda ya riga ya tura kuɗi aka toshe shi, ya garzaya bankinsa a ranar da shaidar turawa da hotunan hirarsu, ya kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Wanda katin ke cikin na'urarsa yanzu haka, ya cire shi kafin fita ta gaba, ya koma ga taswirar takarda da aka yi wa gyara da na'urar auna zurfi har ya sami na ainihi, ya kuma sanar da sauran matuƙan da suka saya a hannu ɗaya da shi.