Murhun banda mai hawa uku: nama ya yi, amma ma'aunin zafinsa ƙarya yake yi

Masu tambayata a kan murhun bandar nan na gawayi, dogon nan baƙi da ake ta tallarsa a intanet, ga abin da na gani.  Na saye shi gab da Babbar Sallah, don na gaji da yadda naman layya ke ƙarewa a kasko kowace shekara: a soya shi ya bushe ƙayau, a juye a bokiti, yara su yi ta ɗiba har ya ƙare.

Da farko mai aiki da lantarki na so in saya, tunda shi ake cewa ya fi sauƙi: ka jona, ka saita zafi, ka koma ka zauna. Sai na duba na ga yawancin waɗanda ake shigowa da su don wutar Amurka aka ƙera su, mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, sai an haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta. Sannan irin wannan gashin aikin wuni guda ne. A ɗauke wuta da tsakar rana, nama na ciki ɗumi-ɗumi, ai an yi asara. Murhu mai cin dunƙulen garin katako shi ma sai da lantarki, dunƙulen kuma ina za ka same su a Kaduna? Gawayi kuwa kowace unguwa akwai mai sayarwa. Shi ya sa na tsaya a kan wannan.

Ƙirarsa ba wani abu ba ne: kwandon gawayi a ƙasa, tasar ruwa a tsakiya, raga biyu a sama, sai murfi. Tasar ruwan ce ke tare wuta kada ta lashi nama, ita ce kuma ke riƙe zafi ya tsaya wajen digiri 110 zuwa 120 da ake so.

Washegarin Sallah na ware karfata ɗaya. Tun dare na shafe ta da gishiri, yaji, citta, tafarnuwa, masoro da ɗan man gyaɗa, ta kwana a firij. Ina dawowa daga sallar asuba na cika kwandon da gawayin ƙirya ban kunna shi ba, na ɗibi garwashi kaɗan na zuba a samansa don wutar ta riƙa cin sa a hankali tana gangarowa, na tura guntayen busasshen iccen mangwaro a tsakani. Da fari hayaƙi ya tashi fari, mai kauri, mai shiga ido. Ban ɗora naman ba sai da ya koma siriri, shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa, don farin hayaƙin nan shi ke sa nama ɗaci. Na cika tasa da ruwan zafi, na ɗora karfata, na rufe.

Wallahi abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wutar. Na tsuke ƙofofin iskar ƙasa, na bar ta murfi a buɗe, na tafi gaishe-gaishen Sallah a unguwa, na dawo na same ta yadda na bar ta. Har azahar ban ƙara gawayi ko ɗaya ba, ruwa kawai na ƙara. Bayan la'asar na naɗe naman a takarda, yadda masu balangu ke yi, na mayar da shi. Ana kiran magariba na sauke, na bar shi ya huce a cikin takardarsa.

Kawuna yana gidan a ranar. Ya daɗe da daina taɓa naman Sallah saboda haƙora, romo kawai ake zuba masa, kowa na ci yana kallo, abin yana damuna ƙwarai. Na buɗe takardar a gabansa, na kama ƙashin kafaɗar na ja, ya zare fes, ko tsoka ɗaya ba ta biyo shi ba. Saman naman ya yi baƙi-baƙi da yaji, cikinsa kuwa yana naso da mai. Maiɗakina ta ga wani jan layi a ƙarƙashin fatar ta ce bai nuna ba, na ce mata shaidar hayaƙi ce, haka yake yi wa nama idan ya daɗe a ciki. Kawu ya sa yatsu biyu ya yagi kaɗan, ya kai baki, ya yi shiru.

"Kai ɗan nan, wannan dafa shi aka yi?"

"A'a Kawu, banda ce."

"Banda? Bandar da na sani ai sai an jiƙa ta kafin ta ciwu."

Gaskiyarsa. Bandarmu ta gida busarwa ce don nama ya daɗe bai lalace ba. Wannan kuwa zafi kaɗan ne na dogon lokaci, har jijiyoyin da ke sa karfata tauri su narke su koma silɓi a cikin tsokar. Kawu ya ci, ya ƙara, ya ce a ajiye masa na safe. Na ga mahaifiyata tana kallonsa tana murmushi. Da a daren nan na rubuta sharhin nan, tauraro biyar zan bayar ban yi shawara da kowa ba.

To amma sai maganar kaji ta zo, kuma har yanzu idan na tuna raina ɓaci yake yi. Na gayyaci abokan aikina cin abinci, na yi ta yabon murhun a gabansu. Na jera kaji a raga biyun, allurar ma'aunin da ke jikin murfi tana kan 120 daram, na ba su lokacin da takardar bayanin ta ce har da ƙari. Fatarsu ta yi ja gwanin sha'awa. Aka zauna, aka zuba shinkafa, na yanka cinya ta farko, sai ga jini a jikin ƙashi. Na yanka ta biyu, haka. Dole aka kwashe su aka kai kicin aka ƙarasa a mai, baƙi na zaune suna cewa ba komai, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da safe na kwance ma'aunin daga murfin, na tafasa ruwa na tsoma bakinsa. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, wannan ko ɗan firamare ya sani. Allurar ta wuce 120. Wato duk lokacin da yake nuna mini zafi ya kai, cikin murhun bai ko kai 100 ba. Karfata ta rufa masa asiri ne saboda ta wuni a ciki, kaza kuwa ba ta yafe irin wannan, sai tsakiyar tsokarta ya kai 74 kafin a ce ta nuna. Ku duba fa, abin da ake tallarsa da sunan sauƙi, don wanda bai taɓa yi ba, shi aka liƙa wa ma'aunin da zai sa mutum ya ba iyalinsa ɗanyen kaza.

Na tura wa mai sayarwar hoton ma'aunin a cikin tafasasshen ruwa. Amsar da ya ba ni ita ce, "Alhaji haka suke zuwa, ka riƙa ƙiyastawa." In ƙiyasta? Da ƙiyasi nake so ai da rabin ganga da waya sun ishe ni. Wannan amsar ta fi kajin ƙona mini rai.

Tun daga nan idona ya buɗe a kan sauran abubuwan da daɗin karfata ya sa na kau da kai. 'Yar ƙofar gefe da ake ƙara gawayi ba ta rufuwa ruf, hayaƙi ta nan yake tsiyaya, sai na cusa takardar foyil a bakinta. Ƙarfen jikinsa siriri ne, iska na kaɗawa ko yayyafi ya sauko zafi ya faɗi, ga shi ba a shigar da shi ɗaki ko gareji, don iskar gawayi tana kisa ba a ji warinta ba. Fentin ƙasan ya fara ɓarewa, tsatsa ta kama ƙafafun kafin damina ta fita. Wanke tasar ruwan bayan kitsen rago ya daskare a ciki ma aiki ne, yanzu shimfiɗa mata foyil nake yi kafin in zuba ruwa.

Na sayi ma'auni na daban, irin mai tsinken ƙarfe da ake soka wa nama, kuma da shi kaji suna fitowa lafiya, awaza ma haka. Ina amfani da murhun, ba zan ce ba ya aiki ba. Amma a kuɗin da ake sayar da shi bai kamata in sake cire wani kuɗin ba. Wanda ke da mai walda na kirki, ya kai masa hoton murhun a kasuwar Panteka ta Kaduna a ƙera masa da sabon ƙarfe mai kauri, ya tabbatar ba gangar da ta taɓa ɗaukar sinadari ba ce, ba kuma farin ƙarfen kwano ba. Wanda ya riga ya saya kuma, ya kwance ma'aunin nan ya gwada shi a tafasasshen ruwa kafin ya ɗora kaza ko ɗaya.

Tauraro uku na ba shi. Mai sayarwar ya ce zai aiko mini da wani ma'aunin idan sabon kaya ya iso, har yau ban gani ba, kuma ya daina amsa saƙona.