Cayman GT4 ko BMW M2: Amsa ga Ɗan'uwan da Ke Shirin Barin GR86

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe kana shiga filin tsere da Toyota GR86 ɗinka a ranakun da ake buɗe wa masu motocin kansu, har ka kai inda kake jin motar ta ba ka duk abin da take da shi: motocin da suka fi ta ƙarfi suna wuce ka a miƙaƙƙiyar hanya, kai kuma kana cim musu a kwana. Yanzu zaɓinka ya tsaya tsakanin Porsche 718 Cayman GT4 ta hannu da BMW M2 ta yanzu, wadda ake kira G87, kuma kana tambaya wacce ta fi dacewa da mutumin da filin tsere ne babban dalilinsa na sayen mota. Ni dai GT4 zan ba ka shawara a kai, amma akwai yanayin da M2 za ta fi yi maka amfani, don haka bari mu jera su mu duba.

A takarda M2 ce ke gaba. Injinta mai silinda 6 a jere, lita 3.0 da turbo biyu, yana ba da ƙarfin doki 460 a motocin farko na 2023, daga baya aka ƙara shi zuwa 480. GT4, wadda ta fito a 2019, tana da inji mai silinda 6 a kwance, lita 4.0, ba shi da turbo, ƙarfin dokinsa 420. A ƙarfin juyi tazarar ta fi haka faɗi, domin M2 ta farko tana da 550 Nm tun daga juyi 2,650 a minti, ita kuwa GT4 mai giyar hannu 420 Nm take da shi, shi ma sai inji ya kai juyi 5,000. Wanda ya tsaya a nan zai yanke hukunci da wuri. Abin da ke juya lissafin shi ne nauyi: GT4 tana wajen kilo 1,420, M2 kuwa tana wajen kilo 1,700, har ta ɗan haura idan mai giya ce mai canza kanta. Idan aka raba ƙarfi da nauyi, GT4 tana samun kusan doki 296 a kowane tan, M2 ta farko kusan 270. Ke nan ko a abin da ake zaton M2 ta fi, ba ta fi ba.

Wannan kilo 280 da ke tsakaninsu shi ne zuciyar maganar, kuma a nan nake so in daɗe, saboda kai da ka saba da motar da ba ta kai kilo 1,300 ba, ba ka taɓa biyan kuɗin nauyi ba tukuna. Duk lokacin da ka taka birki, gudun da motar ta tara yana komawa zafi ne a faifai da takalmin birki. Yawan zafin yana tafiya da nauyin motar kai tsaye, amma ta fuskar gudu ninkawa yake yi: motar da ta iso bakin kwana da gudun kilomita 220 a awa tana ɗauke da ƙarin kusan rabi a kan abin da za ta ɗauka da ta iso da 180, ko da nauyinta bai canza ba. Duk wadda ka saya cikin biyun nan za ta kawo ka bakin kwana da gudun da GR86 ba ta taɓa kawo ka da shi ba, sannan M2 za ta ƙara wa birkinta kusan kashi 20 cikin 100 na aiki a kan na GT4 a gudu iri ɗaya. Duka biyun suna da faifai mai faɗin milimita 380 a gaba, wato kayan aiki kusan ɗaya ne, kayan da aka ɗora musu ne suka bambanta.

A zagaye ɗaya ba za ka ga wannan bambancin ba. Sai an yi minti goma sha biyar ko ashirin ana zagayawa ba hutawa yake fitowa. Mota mai nauyi takan fara da tayoyin gaba: iskar cikinsu ta hau saboda zafi, sitiyari ya fara yin sanyi a hannu, ka murɗa amma hancin motar ya ƙi shiga kwana kamar yadda ya shiga a zagaye na biyu. Idan ka fito ka durƙusa ka shafa kafaɗar tayar gaba ta waje, za ka ji robar ta yi kaushi, ta narke ta dunƙule ƙanana-ƙanana, alhali gefen ciki yana nan kusan sabo. Daga nan sai birki ya biyo baya, ƙafarka ta riƙa nutsewa fiye da da kafin motar ta kama. Man birki na ajin da ake kira DOT 4 ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Celsius yana sabo, amma da ya sha danshi ƙa'idar tana sauka zuwa 155, shi ya sa kowace ka saya sai ka canza shi da mai jure fiye da digiri 300 kafin ranar farko. GT4 ma tana cin taya da birki, kada ka ɗauka kyauta ce, sai dai tana daɗewa tana maimaita zagaye iri ɗaya kafin ta gaji, kuma maimaitawar nan ita ce ke koya wa mutum tuƙi.

Akwai kuma abin da masu kwatanta alkaluma suke yawan tsallakewa, wato yadda aka gina ƙafafun motar. GT4 ta ari kayan ƙafafun gabanta daga yayarta Porsche 911 GT3, kuma tun daga masana'anta ana iya daidaita tsayinta daga ƙasa, da ƙarfin sandunan da ke hana ta kwantawa a kwana, da yadda saman taya yake karkata ciki. Wannan karkatar ita ce maganin cinyewar kafaɗar taya da na ambata, domin idan mota ta jingina a kwana, tayar da aka karkatar tana zama daram a kan kwalta da dukkan faɗinta. Ƙwararren makanike zai iya yi wa GT4 wannan saiti a rana guda. M2 tana zuwa da shokozoba masu sauya tauri da maɓalli, abin da ke da daɗi ƙwarai a titi, amma masu kai ta fili a kai a kai yawanci sai sun sayi ƙarin faranti na saman ƙafafun gaba kafin su samu karkatar da ta isa. Haka nan GT4 ta fito da tayoyin Michelin Pilot Sport Cup 2, faɗin 245 a gaba da 295 a baya, waɗanda aka yi domin busasshiyar kwalta mai zafi. Ka sani cewa a ruwan sama ko da sanyin safiya irin tayoyin nan suna buƙatar hattara.

Ta fuskar halin motar a kwana, a nan ne M2 take da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan rage mata ba. Injinta a gaba yake, ƙarfi yana zuwa tayoyin baya, wato tsari ɗaya da GR86 ɗinka. Tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya milimita 2,747 ce, ta GT4 kuwa 2,484. Mota mai tsayi irin na M2 idan bayanta zai zame yakan yi gargaɗi, ya tafi a hankali, hannunka da ya riga ya saba zai tare shi. BMW ta kuma sa mata na'urar hana zamewar taya mai matakai 10, ta yadda za ka riƙa sassauta ta mataki-mataki gwargwadon yadda ƙwarewarka take ƙaruwa, kuma wannan dabara ce mai kyau ga mai koyo. Inda take buƙatar ladabi shi ne fita daga kwana, saboda ƙarfin turbo yana zuwa da wuri kuma da yawa, ƙafar da ta saba danne totur har ƙasa a GR86 za ta juya motar idan ba ta koyi haƙuri ba.

GT4 injinta yana bayan kujera ne, a tsakiyar mota. Nauyin da aka tara a tsakiya yana sa ta juya hanci da sauri, ta yi birki a natse saboda tayoyin baya ma suna ɗaukar rabonsu, ta kuma fita daga kwana da riƙo mai kyau. Sai dai saurin juyawar nan bai san alheri ko sharri ba: idan ka ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana mai gudu, bayan zai yi sauƙi ya taho, kuma lokacin da kake da shi na gyarawa ya fi na M2 gajarta. Wannan sabon darasi ne, ni kuma ina ganin shi ne ainihin abin da ya cancanci a kira ci gaba. Injin da ba shi da turbo yana taimakawa, domin abin da ƙafarka ta nema shi yake bayarwa, ba ƙari ba jinkiri, ƙarfinsa yana hawa har juyi 7,600, iyakarsa 8,000.

GT4 tana da aibi guda da kowa ya sani, wato tsawon giyoyinta na hannu. Giya ta biyu tana wuce kilomita 130 a awa, don haka a ƙaramin fili mai matsattsun kwanoni za ka yini tsakanin ta biyu da ta uku, wani lokaci injin ya faɗo ƙasa da inda ƙarfinsa yake. Giyar PDK mai canza kanta, mai matakai 7, da aka ƙara a 2020 ta rage matsalar, ta kuma sauko da lokacin kaiwa kilomita 100 daga daƙiƙa 4.4 zuwa 3.9. M2 ta farko tana yin haka a 4.3 da giyar hannu, 4.1 da mai canza kanta mai matakai 8. Ban ba waɗannan alkaluma muhimmanci ba, tunda a fili ba daga tsaye ake tashi ba. Lokutan zagaye ɗaya a Nürburgring, shahararren filin tsere na Jamus, ma haka: an ba GT4 kusan minti 7 da daƙiƙa 28, M2 kusan minti 7 da daƙiƙa 38, amma ba a tsawon hanya ɗaya aka auna su ba, kuma ƙwararrun direbobin kamfani ne suka yi.

Idan kuwa wannan motar ce kaɗai za ka mallaka, lissafin ya sauya gaba ɗaya. M2 tana da kujeru huɗu da but mai lita 390, tana hawa tudun rage gudu ba fargaba, kuma idan sabuwa ce tana zuwa da garanti. GT4 kujeru biyu ce, leɓen gabanta yana kusa da ƙasa har yakan goga a mashigar gida, ƙarar taya da inji suna cika ciki a doguwar tafiya. Wanda zai je fili sau uku ko huɗu a shekara, sauran kwanakin yana kai iyali da zuwa aiki, M2 ce tasa, kuma ba zai yi nadama ba. Amma kai ka ce fili ne dalilinka, shi ya sa na karkata inda na karkata.

Tunda an daina ƙera GT4, ta hannu za ka saya, kuma a nan sai an buɗe ido. Kwamfutar injin Porsche tana ajiye tarihin duk lokacin da inji ya wuce iyakar juyinsa, a matakai 6, kuma manyan matakan sukan nuna cewa wani ya taɓa saka giyar ƙasa bisa kuskure yana cikin gudu. Ka nemi a fitar maka da wannan rahoto kafin a yi maganar ciniki. A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, a leƙa faifan birki ko tsagar da ke fitowa daga ramukansa ta yi tsawo. Idan mai birkin yumɓu ce, wanda ake gane shi da launin rawaya, ka sani cewa sauya faifansa yana da tsada matuƙa, har da yawa daga masu zuwa fili suna cire shi su ajiye su sa na ƙarfe. Kada ka guji motar don kawai an taɓa kai ta fili, don haka aka yi ta; wadda aka kai kuma aka riƙa canza mata baƙin mai da man birki a kan kari ta fi wadda ba ta da takardun gyara. A wasu ƙasashe ana samun ta da ƙunshin kaya da ake kira Clubsport mai ƙarfen kariya a bayan kujeru da bel mai maɗauri 6 da abin kashe gobara, kuma idan ka ci karo da irinta ka ba ta fifiko.

Kafin ka biya, ka tambayi kamfanin inshorarka a rubuce, domin inshorar titi yawanci ba ta ɗaukar abin da ya faru a filin tsere, kuma gyaran kowace cikin biyun nan ya ninka na GR86. Ka ware kuɗin taya da takalmin birki na shekara guda daban, kada kuɗin motar ya cinye su. A ranakunka na farko da sabuwar motar ka bar na'urorin kariya a kunne, ka ɗauki mai koyarwa ya zauna a gefenka, saboda alamomin da ka saba taka birki a kansu da GR86 duk sun matso, sai an sake neman su ɗaya bayan ɗaya.