Matacin ruwa na Sawyer da masu bishara ke rabawa: amfaninsa da iyakarsa a Damagaram

Wanda ya ga kayan agajin da ƙungiyoyin Kirista ke kaiwa bayan mahaukaciyar guguwa ya san wannan ɗan mataci mai kama da batirin tocila, Sawyer PointONE, na wani kamfani da ke Florida a Amurka. Irin halin da Haiti ta shiga bayan guguwar Matthew a Oktoban 2016, rijiyoyi sun gurɓace, kwalara ta sake tashi, shi ne ya sa masu agaji ke son sa: ba ya cin wuta, ba ya cin batir, kwali ɗaya na ɗaukar da yawa. Akwai ma ƙungiyar mishan mai suna The Bucket Ministry da ta gina aikinta kacokan a kansa, har a unguwar Kibera ta Nairobi. Mu nan ba mu da guguwar teku, amma muna da ambaliya. Daminar 2024 da ta rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ta isa shaida.

A cikin matacin akwai siraran zaruruwa masu ƙofofin da ba su wuce mikron 0.1 ba (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ƙwayoyin kwalara da na taifot da na atuni ba sa wucewa, haka ƙwan tsutsar ciki. Nan ya cancanci yabo. Amma bairus ya fi ƙofofin ƙanƙanta, yana bi ya wuce abinsa, kuma wanda ya tuna ɓarkewar ciwon hanta nau'in E, wanda bairus ke kawowa ta gurɓataccen ruwa, a Diffa a 2017 ya san wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Gishiri, kanwa, maganin feshi da man fetur ma ba ya cire su. Saboda bairus ɗin, idan ruwan tapki ne da masai ya malala a ciki, a tace shi tukuna, sannan a jefa ƙwayar kulorin ta Aquatabs ta lita 20 a bido, a jira minti 30.

Haɗa shi ba wuya. A samo bokitin roba mai murfi na lita 20 wanda bai taɓa ɗaukar fenti ko mai ba. A huda shi kamar santimita 4 daga gindi, don laka ta samu inda za ta kwanta. A sa mahaɗin tiyo a hudar, zoben roba ɗaya ciki, ɗaya waje, a ɗaure da hannu kawai. Filaya na murƙushe robar, sai yoyo. A jona tiyo, matacin a ƙarshensa. Gudun ruwan ya dogara ga tazarar da ke tsakanin bokiti da mataci, don haka a ɗora bokitin kan tebur ko a rataye shi, matacin ya sauko ƙasa sosai. Idan an gama, a saƙale shi a bakin bokiti, ruwa ya tsaya.

Inda matacin yake mutuwa shi ne wajen wanki. Ruwanmu na damina ja ne jawur, yana iya toshe shi a yini ɗaya. A bar ruwan ya kwana a wani mazubi, ko a sa masa alif ko dakakken ƙwayar zogale, a tsiyaye na sama ta tsabtataccen ƙyalle kafin ya shiga bokiti. Sannan babban sirinjin da ke zuwa tare da shi: a cika shi da ruwan da aka riga aka tace, a kafa a bakin da ruwa ke fita, a tura da ƙarfi, akasin kibiyar da ke jikin matacin. Turawar farko ita ce mai muhimmanci. In aka yi ta a hankali, ruwan zai buɗe 'yar hanya guda ya riƙa bin ta, sauran zaruruwan su zauna a toshe. A maimaita har abin da ke fitowa ya yi fari. Da ruwa mai laka, kullum za a yi.

Matsala ta biyu ta rani ce. Idan ruwan rijiyar mai barin farin ɓawo a tukunya ne, aka kuma jefar da matacin ya bushe cikin zafin watan huɗu, ɓawon na daskarewa a cikin zaruruwan. A jiƙa shi a ruwan khal (binega) kamar awa ɗaya, a biyo da ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa. Tafasasshe na lalata shi. Babban aibinsa a wurina kuwa, in ya faɗi kan siminti zaren ciki ya tsinke, ba alamar da za ta nuna a jikinsa. Ruwa zai ma ƙara gudu, mai gida ya yi ta murna. Matacin da ya yi sauri farat ɗaya abin zargi ne. Sirinjin ma yara na maida shi abin wasa, kuma ranar da ya ɓace an kusa rabuwa da matacin.

Ga majami'ar da ke fara aiki a ƙauye wajen Mirriah ko Magaria, ko fasto mai shirin rabo bayan ambaliya, shawarata kada a karɓi fiye da adadin da za a iya bibiya. A koya wa matan gida, su ne masu ruwa, kowace ta tura sirinji da hannunta a gaban mai koyarwa. A komo bayan mako biyu, a sake komowa bayan wata biyu, da sirinji da robobi na canji a jaka. A kuma duba inda ake zuba tataccen ruwan, don randa marar murfi da moɗa ɗaya na kowa da kowa na mayar da aikin baya. Rabon ya bi ta hannun mai unguwa ko mai gari, bisa buƙata, ba tare da sharaɗin zuwa sujada ba. A gari irin namu, hakan ne ke sa maƙwabta su amince da kayan da masu kawo shi.

Gida mai mutum bakwai ko takwas, ɗaya ya ishe su ruwan sha da na girki. Sansanin ɗaruruwan mutane da suka fake a makaranta kuwa, tanki da sinadarin kulorin suke buƙata, wannan ya yi musu kaɗan.